Yadda Ake Rubuta Labarin Gidan Gado Mai Ɓoyayyen Sirri Da Cin Amana

Duk sanda wata ƙanwa marubuciya ta turo min littafinta ta ce "Anti dan Allah duba min, labarin wani babban gida ne da suke ɓoye wani sirri", kafin in kai shafi na goma na riga na gano inda matsalar take. Sirrin yana nan, mugun baffa yana nan, makirar kishiya ma tana nan, amma ba wanda yake shan wahalar ɓoye komai, kowa yana cin tuwonsa yana barcinsa lafiya lau har ranar da marubuciyar ta gaji ta zaunar da wata tsohuwa ta zayyane komai a shafi uku. Abin yana min ciwo wallahi, saboda labari ne mai kyau aka ɓarar. Zan riƙa cewa "ki" don mafi yawan masu tambayata mata ne, maza ku ɗauka da ku nake.

Turawa suna kiran wannan salon gotik, sunan ya samo asali ne daga irin ginin tsofaffin majami'u na Turai masu tsayi da duhu. Littafin da ake lissafawa a matsayin na farko wani ɗan Ingila ne mai suna Horace Walpole ya fitar da shi a 1764, The Castle of Otranto, kuma idan kika duba ƙashin bayansa labarin gado ne: mutum yana zaune a fadar da kakansa ya mallaka ta hanyar shayar da mai ita guba da ƙirƙirar wasiyyar ƙarya, sai alhakin ya biyo jika. Daga baya marubutan kudancin Amurka suka ɗauki salon suka kai shi manyan gidajen gona da aka gina da gumin bayi. Kinga tun farko abu uku ne, tsohon gida, laifin kakanni, da jikokin da suke biyan bashin da ba su ci ba. Mu da muke da gidajen gado da ba a raba ba shekara talatin, da kalmar rufin asiri da muke roƙa a kowace addu'a, ai ba sai mun aro fadar kowa ba.

Fara da rubuta sirrin gaba ɗayansa

Kafin ki rubuta ko da sallamar farko, ɗauki takarda ɗaya ki rubuta abin da ya faru tsirararsa, wa ya yi, wa aka yi wa, wace shekara, me ya samu, wa ya gani. Idan ke kanki baki san sirrin ba kina jira sai kin kai tsakiyar littafi ya zo miki, mai karatu zai gane, domin alamun da kika zuba a farko ba za su haɗu da abin da kika fito da shi a ƙarshe ba.

Bari in ƙirƙiro misali mu yi ta aiki da shi har ƙarshe. Wa da ƙane ne a cikin birnin Kano, uwa ɗaya uba ɗaya, iyayen sun rasu sun bar musu gida da jarin gyaɗa. A 1948 ƙanen ya ɗaura niyyar aikin hajji a ƙasa, ya bar matarsa da ƙaramin ciki, ya damƙa wa wansa amanar mata da dukiya. Wannan ba abin mamaki ba ne a lokacin, mutane suna bi ta Borno su ratsa Chadi su shiga Sudan, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri, wasu su yi shekaru suna aikin auduga a Jazira, wasu ma can suka zauna har yau jikokinsu suna nan. A 1951 wani alhaji da ya dawo ya kawo wa wan wasiƙar ajami: ƙanen yana raye, ciwo ya kwantar da shi, guzuri ya ƙare, a taimaka a aiko masa da abin da zai dawo gida. Wan ya ninke wasiƙar ya sa a adaka, ya fito zaure ya ce an aiko masa ƙanensa ya rasu. Aka yi zaman makoki, matar ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, a 1952 ya aure ta, kowa yana sa masa albarka wai ya riƙe marainiyar ɗan'uwansa. A 1973 wani dattijo ramamme ya yi sallama a zauren.

Shikenan sirrin. Ko layi goma bai kai ba, amma zai ɗauki littafi uku.

Na biyu, bishiyar dangi da shekaru

Wannan matakin ne mutane suka fi ƙyuya a kansa kuma shi ne yake kunyata marubuci. Samu babbar takarda ki zana zuriya uku, kowa da shekarar haihuwarsa, ta aurensa, ta rasuwarsa. A misalinmu wan, wanda zan riƙa kira Alhaji Babba, an haife shi 1915 ya rasu 1995. Ƙanen 1922 zuwa 2001. Matar, Hajiya, 1931 zuwa 2016. 'Yar da aka bari a ciki, wadda yanzu kowa yake kira Goggo, 1949. Jikar da za ta tono komai 1990, kenan tana da shekara 11 lokacin da ƙanen, wato tsohon da aka sauke a ɗakin baya, ya rasu, ta isa ta tuna fuskarsa amma bata isa ta yi tambaya ba. Da na sa an haife ta 1999 da duk wannan ya rushe.

A gefen shekarun ki rubuta abin da ƙasa take ciki, don kada ki sa mutum ya ƙirga naira a 1960 alhali sai 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam da sule. Jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano wajen 1912 kuma shi ya buɗe kasuwar gyaɗa da ta yi wa gidaje da yawa arziki, an samu 'yancin kai 1960, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, farin 1973 ya karya manoma da makiyaya ya koro mutane birni, shi yasa ma na zaɓi wannan shekarar don dawowar ƙanen, baƙon dattijo mai neman wurin kwana ba zai ɗaga wa kowa hankali ba. Ba wai ki mayar da littafin darasin tarihi ba, kawai dai arzikin gidan ya tashi ya faɗi tare da zamani, daga gyaɗa zuwa kwangila zuwa sayar da filaye ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, gina gidan kamar mutum

Nan nake so ki daɗe. Zana taswirar gidan da hannunki: zauren farko, soron ciki, shigifa, turakar Alhaji, benen ƙasa da matattakalarsa mai duhu, sassan mata, madafi, rijiya, rumbu, sai ɗakin baya can kusa da turken dabbobi. Ki san ƙofar da take kallon wace, wa zai iya jin maganar wa ta katanga, ta ina za a bi a kai abinci ɗakin baya ba tare da an ratsa tsakar gida ba. Idan kin san wannan, rabin makircin labarin gidan ne zai baki shi.

In da hali ki je ki shiga irin gidan da ƙafarki, cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ko unguwar Birni a Damagaram. Ki ji sanyin da yake bugun mutum in ya shiga soro da rana tsaka, warin ƙasa da kashin jemage, azarar da gara ta cinye ta ciki amma daga waje kamar lafiyarta ƙalau, indararon da ya toshe ruwa yake bin bango, zankon da ya karye ba a gyara ba, inda aka yi wa tsohon bangon tubali facin siminti yana ɓamɓarewa. Ɗakin Hajiya da gadon ƙarfe mai rumfa da jeren fanteka da kwalla da ba a taɓa sauke su ba tun aurenta. Waɗannan su ne duhun labarinki, baki buƙatar guguwa da tsawa kowane shafi.

Kuma gidan ya riƙa lalacewa tare da mutanensa. A zamanin Alhaji Babba duk shekara ana yaɓe kafin damina, zaure cike da 'yan cin abinci. Zamanin 'ya'yansa kowa ya gina nasa a sabuwar unguwa, an bar tsofaffi da 'yan haya. Zamanin jikoki dillali ne yake zarya, wani mai kuɗi yana so ya rushe ya yi shaguna. Wannan dillalin shi ne agogon labarinki, saboda ba a sayarwa sai an raba gado, ba a raba gado sai an buɗe adaka.

Na huɗu, raba sani, kuma kowa ya biya kuɗin shirunsa

Wannan shi ne zuciyar abin. Koma kan bishiyar dangin nan, a gaban kowane suna rubuta abu uku: me ya sani, yaushe ya sani, me shirun yake ci masa kullum. Kada kowa ya san duka. Alhajin da ya kawo wasiƙa ya san ƙanen yana raye a 1951, kuma tun daga lokacin duk sallah ana aika masa buhun hatsi da turmin yadi ba wanda ya san dalili, har bayan rasuwarsa ana aika wa 'ya'yansa. Uwargidan Alhaji Babba bata ga wasiƙa ba amma ta ga mijinta bai yi kuka ba ranar makoki. Hajiya bata san komai ba sai 1973 da ta leƙa ta asabari ta ga tafiyar baƙon ta gane shi, a lokacin tana da 'ya'ya bakwai da wansa. Goggo bata san komai ba sam, ita dai ta san tsohon ɗakin baya yana ajiye mata goro duk ranar da ta zo ganin gida, kuma baya iya kallon idonta.

Shi kansa ƙanen me yasa ya yi shiru? Dole ki amsa wannan da amsar da za ta gamsar da ke. Tawa ita ce, ya dawo da niyyar tona asiri, sai ya tarar da yara bakwai suna wasa a tsakar gida, ya san kalma ɗaya daga bakinsa za ta sa a riƙa nuna su da uwarsu da yatsa har abada. Sai ya karɓi ɗakin baya da sunan wani almajirin mahaifinsu. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, toh ki nuna mana yadda cikin yake ƙuna.

Ga yadda ake nuna shi ba tare da an faɗa ba:

Gidan akwai masu aiki uku, amma tuwon ɗakin baya Hajiya ce take tuƙawa da kanta, a wata 'yar tukunya daban, ta zuba a tsohon akushin da ba a ci da shi a gidan. Bayan isha'i take ɗauka, bata aiken yaro. Ta ajiye a bakin ƙofa ta ce "Malam ga abinci", daga ciki a ce "An gode, Allah ya saka", shikenan maganarsu shekara ashirin da takwas. Ranar da jikar ta ce "Hajiya kawo in kai miki, ƙafarki na ciwo", sai da ta ga abin da bata taɓa gani ba a fuskar kakarta.

Kinga ban ce tana son sa ba, ban ce mijinta ne ba. Mai karatu zai ajiye akushin nan a ransa har shafi na ɗari uku.

Na biyar, mai cin amana ya zama mutum

Kuskuren da ya fi yawa kenan, a yi mugu mai jan ido wanda tun shafin farko kowa ya tsane shi. Idan mun tsane shi tun farko ai ba amanar da ya ci mana. Alhaji Babba ya kamata ya zama mutumin da unguwa take alfahari da shi, mai ciyar da almajirai, wanda ya gina masallacin ƙofar gida, wanda jikarsa take tunawa yana ɗora ta a cinya yana ɓare mata dabino. Sannan ki bashi dalili irin na mutane: a 1951 ya riga ya zuba kason ƙanensa a cinikin da ya karye, in ƙanen ya dawo asirinsa ya tonu, ya ce a ransa bari in jinkirta amsa wasiƙar zuwa kaka in na farfaɗo. Ƙarya ɗaya ya yi a zaure don ya sayi lokaci, sai ƙaryar ta zama makoki, makoki ya zama takaba, takaba ta zama aure. Yawancin cin amanar cikin gida haka take, da kaɗan kaɗan, kuma mai yin ta kullum yana gaya wa kansa gobe zai gyara.

Sannan kada ki tsaya a cin amana ɗaya. Kowace zuriya ta maimaita ta da sabon salo. Babban ɗan Alhaji ya ga wasiƙar a 1995 ranar da ake haɗa kayan mamaci, ya mayar ya kulle, kenan shi ma ya ci amanar Goggo yana sane. Ita jikar kuma in ta gano, za ta tarar mahaifinta ne wannan babban ɗan, kuɗin makarantarta daga nan ya fito. Anan ne labarin yake zama na zuriya.

Na shida, zauna ki yi lissafin gado

Labarin gidan Hausa mai sirri kusan kullum yana komawa kan gado ko nasaba, kuma masu karatunki sun je islamiyya, in kika yi kuskure za su kama ki. Abubuwan da dole ki riƙe: mace tana samun tumuni (ɗaya cikin takwas) in mijin ya bar ɗa ko 'ya, rubu'i (ɗaya cikin huɗu) in bai bari ba, kuma matan duka su raba wannan kason ne tsakaninsu. Namiji yana ɗaukar kason mata biyu a tsakanin 'ya'ya. Wasiyya bata wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Ɗan riƙo da agola ba sa gadon mai riƙonsu. Wanda ya kashe mutum da gangan baya gadonsa.

Duba yadda wannan yake ƙara wa misalinmu nauyi. Na sa abin da aka haifa mace ce da gangan. In mutum ya rasu ya bar 'ya ɗaya da mata da ɗan'uwa shaƙiƙi, iyaye ba sa raye, 'yar tana da rabi, matar tumuni, ragowar kashi uku cikin takwas na ɗan'uwan ne. Da namiji aka haifa da Alhaji Babba bai samu ko anini ba. Sannan a mazhabar Malikiyya da muke bi, matar wanda ya ɓata tana iya kai ƙara wajen alƙali a ɗibar mata shekara huɗu sannan ta yi idda, amma dukiyarsa ba a rabawa sai ya kai shekarun da ake ganin sa'anninsa sun ƙare. Kenan "ya ɓata" ba zai ishi Alhaji ba, sai "ya rasu". Kinga fiƙihu da kansa ya baki dalilin ƙaryar. Kuma tunda a gaskiya wan ne ya riga ƙanen mutuwa, duk rabon da aka yi a 1951 ya tashi, sai sabon lissafi.

Akwai wasu ƙofofin sirri da shari'a take buɗe miki in baki son nawa: 'yan'uwan shayarwa da aka ɓoye har aka sa musu rana, jaririn da aka haifa kafin wata shida da ɗaurin aure, maganar kwantaccen ciki, ko kakar da asalinta baiwa ce aka sa ta a ɗaka, tunda sai 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya, kenan ba wani nisa can ba ne. Ko wanne kika ɗauka, kai wa malamin da ya san gado da aure, ki karanta masa takardar sirrin nan ki ce "Malam in haka ta faru mene ne hukuncin auren, mene ne matsayin yaran". Kada ki yanke da ka. Amsar da zai baki sau da yawa ta fi abin da kika zata daɗin labari.

Na bakwai, wa zai ba mu labarin, daga ina

Zaɓi wanda yake cikin gidan amma bai san komai ba, kuma yana da abin da zai rasa in gaskiya ta fito. Jika, ko amaryar da aka kawo gidan, ko ɗan da ya taso a wani gari ya dawo zaman makoki. Baƙo na waje bashi da asara, shi yasa tononsa baya taɓa zuciya.

Kada ki fara da "asalin labarin" ki jero mana wane ya haifi wane shafi biyar. Fara da ranar da abu ya motsa. Ni zan fara da daren rasuwar Hajiya a 2016, tana riƙe da hannun jikar tana cewa a binne ta kusa da Malam na ɗakin baya, ga 'ya'yanta maza a tsaye suna kallon juna, ɗaya ya ce zafin ciwo ne. Daga nan sai ki riƙa kai da komo tsakanin zamani biyu, amma duk sanda kika koma baya ki rubuta shekarar a sama, kuma ki koma ne don amsa tambayar da jikar ta yi yanzu, ba don kin tuna wani abu mai daɗi ba.

Ki kula da bakin kowane zamani. Hajiya ba za ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, wannan alkunyar ma makami ce a hannunki, domin in ta ce "shi" ba wanda ya san wanne take nufi a cikin biyun. Mutumin 1950 ba zai ce "ba damuwa" irin ta 'yan yanzu ba, kuma baya ƙirga lokaci da minti, sai dai hantsi, azahar, almuru.

Na takwas, sakin alamu, da maganar aljanu

Raba sirrin gida uku ko huɗu, kowane kashi in ya fito ya zama kamar shi ne duka. Da farko jikar ta zaci kakarta soyayyar ɓoye ta yi da wani almajiri, ranta ya ɓaci da ita. Can ta gano Malam ɗan gidan ne. Can ta gano shi ne mijin farko. A ƙarshe ta gano mahaifinta ya sani. Kowane mataki yana sauya wanda take zargi da wanda take tausayi. Kuma duk abin da zai fito a ƙarshe ya zama kin nuna shi sau biyu a baya a matsayin abin banza: akushi, buhun hatsin sallah, mukullin da Hajiya take ɗaure a bakin zaninta, hoton da aka yanke gefensa da almakashi.

Aljanu kuwa, na san jarabar tana da ƙarfi. Ki bar mutanen gidan su yi imani da su, a ce wa yara kada su je bayan gida akwai mutanen ɓoye, a riƙa jin tari da dare daga ɗakin da aka kulle tun 2001, a yi ta turare da rubutu. Wannan duk yana ƙara duhu. Amma ranar warwara kada ki ɗora laifin a kan aljani ko boka, domin da zarar kin ce asiri aka yi wa Alhaji shi yasa ya ɓoye wasiƙa, kin wanke shi, kin kuma zubar da duk wahalar da Hajiya ta sha. Mutum ne ya yi da hankalinsa. In kina so ki bar abu ɗaya tak da ba a bayyana ba, kamar tarin nan, bar shi.

Abu biyu a gurguje. In a WhatsApp ko Wattpad kike sakin labarin shafi shafi, kada ki fara saki sai kin gama aƙalla tsarin duka da rabin rubutun, saboda masu karatu za su yi ta hasashe, wata za ta canka daidai, ke kuma sai ki ji kina son sauya sirrin don ki ba su mamaki, daga nan alamunki na baya duk sun mutu. In sun canka ki bar su, alama ce kin shuka daidai. Na biyu, kada ki ɗauko sirrin gidanku ko na maƙwabta ki sauya suna kawai, mutane suna ganewa, kuma zumuncin da zai tsinke ba littafin da zai ɗinke shi. Ɗauki yanayin, ki ƙirƙiri mutanen.

Na ƙarshe, ranar tonon asiri

Kada mutum ɗaya ya zauna ya ba da labari kowa yana sauraro. Ki sa abin ya fashe a wurin da ba a iya tashi a gudu, kuma a gaban wanda ake jin kunya. Zaman rabon gado ya fi ko'ina: malamin rabo a zaune da takardunsa, baffanni a kan tabarma, mata a bayan labule, dillali yana jira a zaure. Jikar bata iya karanta ajami sosai ba, sai ta miƙa wa malamin takardar da ta samu a adaka ta ce a duba ko takardar bashi ce, tunda ba a rabo sai an biya bashi. Shi kuma ya fara karantawa a bayyane kafin ya gane me yake karantawa, ya kai tsakiya ya tsaya. Wanda zai ce "ƙarasa Malam" shi ne mutumin da kika fi so mai karatu ya ji tausayinsa, ni a wajena Goggo ce, daga bayan labule, tana da shekara 67, yau ta fara jin cewa mutumin da yake ajiye mata goro ubanta ne.

Bayan nan kada ki yi saurin sasanta kowa a yi ta yafiya a shafi ɗaya. Wasu za su ce takardar ƙarya ce, wani zai daina gaisa da jikar har abada, mahaifinta zai kasa haɗa ido da ita, wata cikin 'ya'yan za ta fara tambayar malamai matsayinta a ɓoye. Ba su babi biyu ko uku su yi wannan. Sannan ki yanke hukuncin gidan, a rushe ko a bari, kuma ki tuna Goggo ce yanzu take da babban kaso a cikin rabin da yake na ubanta, don haka sa hannunta ake jira. Ni a nawa zan sa ta ce a sayar da komai amma a bar mata ɗakin baya, dillali ya ce ba a sayen fili da ɗaki a tsakiya, ta ce toh a fasa. Babin ƙarshe jikar ce take ɗauke da akushin nan bayan isha'i, tana bin hanyar da kakarta take bi ta bayan rijiya, ta ajiye a bakin ƙofa ta ce "Goggo ga abinci".